Kayan hoton da na ɗauka daga Damagaram zuwa Gure

Duk wanda zai yi tafiya da kyamarar fim a ƙasar Damagaram cikin hunturu, ƙura ce za ta zaɓa masa kayan da zai ɗauka, ko da kuwa ransa yana son wani abu dabam. Da wannan tunanin na shirya jakata sa'ad da na yi niyyar bin hanyar gabas, in fara da Mirriya, in tsaya tafkin Gidimuni, sannan in ƙarasa Gure.

Shawarar da aka fi bai wa matafiyi ita ce ya ɗauki kyamara ɗaya da gilasai uku ko huɗu, wato idanun da ake ɗaurawa a gaban kyamara, yana sauyawa gwargwadon abin da ya gani. Shawara ce mai kyau a inda iska take da tsabta, amma a nan, duk lokacin da aka kwance gilashi cikin kasuwa ko a bakin hanya, an buɗe wa rairayi ƙofa ke nan, kuma ƙwaya ɗaya idan ta maƙale a inda fim yake wucewa tana iya jan layi a kan hotuna 36 na naɗin fim guda. Saboda haka na ɗauki kyamara biyu, kowace da gilashinta a ɗaure tun daga gida, ban kwance ko ɗaya ba har na dawo.

Ta farko ita ce Nikon FM2, wadda ta fito a 1982. Abin da ya sa na gabatar da ita shi ne ba ta dogara da batir wajen ɗaukar hoto, domin ƙananan batura biyu da ke cikinta aikinsu auna haske kawai. Ina da Canon AE-1 ta 1976, kuma ina jin daɗin riƙonta, sai dai idan batirinta mai bolt 6 ya mutu ba ta motsi ko kaɗan, ga shi ba irin wanda ake samu a teburin kowane mai kanti ba ne, don haka na bar ta a gida. Haka na bar Yashica Mat, wadda nauyinta ya wuce kilo guda kuma hoto 12 kaɗai take bayarwa a naɗi, ma'ana sai a yawaita buɗe bayanta cikin iska. Ta biyu ita ce Pentax K1000, ita ma ba ta buƙatar batir sai don auna haske.

A kan Pentax na ɗaura gilashi mai faɗin gani, milimita 28. Dalilin zaɓensa na koye shi ne a unguwar Birni, inda lunguna suke da matsi har mutum ba ya samun wurin ja da baya idan yana son ya kama zanen fuskar gida tun daga dokin ƙofa har zankwaye. Abin da ya yi aiki a Birni ya yi aiki a rumfunan kasuwar Lahadi ta Mirriya, mai nisan kilomita 18 daga gari. A kan Nikon kuwa na sa mai milimita 105, mai jawo abu na nesa kusa, saboda fuskokin mutane da hannayen masu sana'a. Mai milimita 50, wanda kowa yake yabo, na ajiye shi, domin a ganina aikinsa ya rabu tsakanin waɗancan biyun.

A Mirriya ne mai 105 ya biya kuɗinsa. Na tarar da wata dattijuwa tana goge wuyan tulu da ɗan tsumma mai laima, na gaishe ta, na ce: "Inna, kin yarda in ɗauki hannuwanki kina aiki?" Ta ce: "Ɗana, ɗauki, amma kada ka tare mini haske." Da gilashi mai faɗi sai na durƙusa a gabanta kafin yatsunta su cika hoton, amma da wannan na tsaya nesa da inuwarta, na samu tsagar fatar yatsunta da jar lakar da ta bushe a gefen farce.

Batun fim ma rana ce ta yanke shi. Da tsakar rana a ƙasarmu, ƙa'idar da aka sani ita ce a matse ƙofar haske ta cikin gilashi zuwa lamba 16, a daidaita saurin ƙiftawar kyamara da lambar fim ɗin, wato lambar da ke nuna saurin kama haskensa. Fim mai lamba 400 yana kai Pentax kusa da iyakarta, tunda ba ta wuce kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, alhali Nikon tana kaiwa ɗaya cikin 4000, wanda yake ba da damar ƙara buɗe ƙofar haske don a dusashe abin da ke bayan mutum a hoto. Shi ya sa na zuba Ilford HP5, baƙi da fari mai lamba 400, a cikin Nikon, na bar wa Pentax mai launi, Kodak Gold 200. Hazon hunturu yana kashe kaifin inuwa, yana mayar da sama fara fat, kuma matatar haske mai ruwan ɗorawa da na ɗora a gaban mai 105 ta ɗan taimaka wajen raba dabinon Gidimuni da sararin da ke bayansu, ko da yake tana cin rabin hasken da ke shiga.

Zafi ne abokin gaba na biyu, musamman ga fim mai launi. Na zuba naɗe-naɗen a leda mai zif, na nannaɗe cikin rawani a tsakiyar jaka, kuma a tasha na ƙi yarda yaran mota su ɗora ta bisa rufi, na riƙe ta a cinya duk tsawon hanya. Sauya fim kuma a cikin ɗaki nake yi, ƙofa a rufe, bayan na hure kyamarar da ƴar robar busa iska na share ta da buroshi mai laushi. Shafa gilashi da bakin riga kafin a hure ƙurar daidai yake da goge shi da yashi.

Baƙi da farin da kaina na wanke da na dawo, da asuba, domin maganin wankin yana son ruwa mai digiri 20, ruwan randa kuwa a hunturun Damagaram yakan sauko kusa da haka. Mai launi yana buƙatar digiri 38 ba tare da hawa ko sauka ba, don haka shi na ba wani ɗan'uwa mai zuwa Kano ya kai mini wurin masu injin wanki.