Dalilin da ya sa na ajiye kula da bindigogin ƙungiya

Na sauka daga aikin duba bindigogin ƙungiyarmu ta maharba, kuma tunda ana ta tambayata dalili, gara in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Saɓanina da shugaba a kan hular bindiga ne. Duk wanda ya riƙe bindigar toka ya san ba kamar ta zamani ba ce da za ka zare harsashi ka jefa aljihu. Da zarar albarushi da dalma sun shiga ta baki an danna, suna nan sai an harba ko an zaƙulo su. Abin da ya rage a hannunka shi ne 'yar hular nan da ƙarfen bugu ke faɗa wa ta kunna albarushi. Shugaba kuwa dokarsa ita ce a sa hula tun daga fita, a kwantar da ƙarfen a kanta, wai kada nama ya tashi kana laluben aljihu.

Na yi masa bayani ba sau ɗaya ba. Ƙarfen da ke kwance a kan hula ba ya jiran kunama. Dutse ya buge shi ta baya, ta tashi. Reshe ya ɗaga shi kaɗan ya sake, ta tashi. Ko rabin ɗanawar da wasu ke taƙama da ita, wato a ja ƙarfen baya rabin hanya a bar shi a nan, ramin da ke riƙe ta yakan lashe da tsufa, ya zame ba sallama. Amsarsa kullum ɗaya ce: tun ba a haife ni ba yake shiga daji.

Ranar da abin ya faru muna tsallake wani kwazazzabo ne a jere. Santsi ya kwashi wani yaro, ƙarfen ya daki dutse, dalma ta shiga cinyar wanda ke gabansa. Allah ya yi da sauran kwana, amma har yau yana ɗingishi. Da aka zauna, sai shugaba ya ce bindigar ce mai matsala, kuma wa ke duba bindigogi? Na kwance ta a gaban kowa, babu abin da ya same ta. Mutanen da suka sha jin muna gardamar hula duk suka sunkuyar da kai, aka rubuta sakaci a kaina. Laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango nawa. Wannan shirun ya fi hukuncin yi mini ciwo.

Sauran abubuwan ba sa buƙatar dogon zance. A yi wa sandar ɗuri alama lokacin da bindiga ba komai, don ita kaɗai ke gaya maka ko akwai ɗuri a ciki, ko ma biyu. Dalma ta zauna daram a kan albarushi, in an bar fili tsakani bututu na iya kumbura ko ya fashe. Ba a zuba albarushi kai tsaye daga gora, a auna a ma'auni, saboda ragowar garwashi kan maƙale bayan harbi. In an ja kunama ta ƙi tashi, baki ya ci gaba da kallon inda aka nufa aƙalla minti 1, wani lokaci wutar tafiya take a hankali. Mai gaggawar leƙawa da fuskarsa yake biya. Garin harsashin zamani ba ya shiga bindigar toka ko da ɗan kaɗan ne. A wanke bututu ranar da aka yi harbi, don dattin albarushi na jan laima ya cinye ƙarfe ta ciki. Kuma cire hula bai ba ka izinin nuna wa mutum baki ba.

An ce mini dokar shugaba tana nan yadda take. Wanda ya gaje ni yaro ne mai hankali, na miƙa masa makullai, na kuma ce masa in za a yi jere ya riƙa tsayawa a ƙarshe.