Ɗan Ƙasa Ne, Amma Ɗan Ina Ne?

A watan da ya gabata na raka ɗana na fari neman takardar shaidar asali, wadda kowa ke kira takardar indijin, domin an ce sai da ita zai cika fom ɗin neman aiki. Ma'aikacin ya karɓe mu da mutunci, ya dubi takardar haihuwar yaron, sannan ya ɗago kai ya ce, "Baba, na ga an haife shi a Kaduna, amma ina ne asalinku?" Na ce masa ni ma a nan Tudun Wada aka yanke mini cibiya. Ya ce ba wannan yake tambaya ba, garin kakan yaron yake son ji.

Mahaifina daga ƙasar Malumfashi ya zo, ya kama aiki a masaƙa a Kakuri, a Kaduna ya tsufa, a nan kuma muka binne shi. Lokacin da aka haife ni, Malumfashi da Kaduna hukuma ɗaya ce ke riƙe da su. A shekarar 1987 aka yanke Jihar Katsina daga Jihar Kaduna, sai muka wayi gari, ba mu kwashe ko tabarma ba, an ce asalinmu yana wata jiha.

Da na koma gida na buɗe babi na uku na Kundin Tsarin Mulki na 1999. Hanyoyi uku ya shimfiɗa na zama ɗan Nijeriya. Sashe na 25 ya yi maganar haihuwa, kuma abin da ya fi ba wa nauyi shi ne jini, ba wurin da aka haihu ba: wanda aka haifa a ƙasar nan bayan 1 ga Oktoba, 1960, ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, wanda kuma aka haifa a waje ya isa idan uwarsa ko ubansa ɗan ƙasa ne. Sashe na 26 ya buɗe ƙofar rajista ga matar da ta auri ɗan Nijeriya, amma bai buɗe ta ga mijin 'yar Nijeriya ba, kuma a watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa da ƙudurin da ya nemi gyara hakan. A ganina an zalunci 'ya'yanmu mata a wannan wuri. Baƙon da ba shi da jini ko aure kuwa, sashe na 27 ya ɗora masa zaman shekara 15 da kyawun hali, da shaidar gwamnan jihar da yake zaune cewa jama'ar wurin sun karɓe shi.

Rasa matsayin ma yana da ƙa'ida. Baligi yana iya ajiye shi da kansa ta hanyar sanarwa ga hukuma. Shugaban ƙasa yana iya ƙwace shi daga baƙon da aka ba, idan aka yanke masa ɗaurin da bai gaza shekara 3 ba cikin shekara 7 da ba shi, ko kuma aka tabbatar ya ci amanar ƙasa. Amma wanda ya samu ta haihuwa, babu mai ikon raba shi da shi, ko da ya karɓi fasfon Ingila ko na Amurka ya haɗa da nasa.

An taɓa gwada ƙarfin wannan kariya. A watan Janairu na 1980, zamanin mulkin Shehu Shagari, jami'an shige da fice suka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno kuma ɗan jam'iyyar GNPP, suka tsallaka da shi Chadi bisa hujjar cewa ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ta ce korar haramtacciya ce, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, ya dawo gida. Ina yawan tuna wannan shari'a, domin shi mutum ne mai suna da jam'iyya da lauyoyi, ya samu inda zai kai kuka. Yaron da aka mayar daga bakin taga saboda garin kakansa ba shi da ƙarar da zai shigar, tunda babu wanda ya ce masa ba ɗan ƙasa ba ne. An dai ce masa ba ɗan nan ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne, kundin da kansa yana magana da baki biyu. Sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa ko addininsa, sashe na 147 kuma ya wajabta a ɗauko minista daga kowace jiha, kuma ya zama ɗan asalinta. Na fahimci dalilin wannan rabon daidai na muƙamai tsakanin jihohi, kuma ba na raina fargabar ƙananan al'ummomi da ke gudun kada a mamaye su a ƙasar kakanninsu. Sai dai Kaduna gari ne da Turawan mulki suka gina a matsayin hedikwatar Arewa a yankin Gbagyi, jirgin ƙasa da bariki da masaƙu suka cika shi da mutane daga ko'ina. Idan aka ce baƙo raɓa ne, to mutanen Kabala da Unguwar Rimi da Sabon Tasha da suka yi zuriya uku suna biyan haraji a nan, wace rana ake jira ta fito su bushe?

Gwamnatin Nasir El-Rufai ta taɓa shelanta cewa a Jihar Kaduna zama ne abin dubawa, ba asali ba, kuma na yi murna da jin haka. Amma fom ɗin da ke hannun ɗana na tarayya ne, kuma yana nan da gurbin jihar asali da ƙaramar hukumar asali.

Ranar Asabar mai zuwa za mu kama hanyar Zariya da Funtuwa zuwa Malumfashi, mu nemi dattijon da ya san mahaifina, ya kai mu wurin mai unguwa ya shaide mu. Yaron bai taɓa kwana a garin ba. Jiya da dare yake tambayata sunan unguwar da zai ce daga ita ya fito.