Gwajin Jini Ga Mai Shirin Fara Allurar Testosteron Da Homon Ɗin Girma

A nan Sakkwato, idan aka ce an gwada wa mutum jini, abin da ake fargaba shi ne a ce jinin ya yi ƙasa. Zazzaɓin cizon sauro da amosanin jini da wahalar haihuwa sun koya mana cewa ƙarancin jini shi ne abokin gaba, shi ya sa duk wanda aka miƙa wa takarda ya ga lambar PCV ɗinsa, wato ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini, ta haura sai ya yi hamdala. Wannan fahimta daidai ce ga mai juna biyu da yaron da ke jinya, amma tana iya cutar da saurayin da ya fara yi wa kansa allurar testosteron, wato homon ko sinadarin mazakuta, don ya ƙara ƙira a wurin ɗaga ƙarfe, ko magidancin da wani mai kemis ya gaya wa cewa allurar za ta dawo masa da ƙarfinsa na da.

A aikinmu na ɗakin gwaje-gwaje, PCV ba shi da wuyar yi. Ana cika wani siririn bututun gilashi da jini, a toshe gefe guda, a juya shi a na'ura na mintuna kaɗan, sai jajayen ƙwayoyin su kwanta a ƙasa, ruwan jini mai launin rawaya ya tsaya a sama, a auna rabon da jan ya cinye. A lafiyayyen namiji yakan tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, gwargwadon ma'aunin kowane ɗakin gwaji. Testosteron yana ingiza ɓargo ya ƙara samar da jajayen ƙwayoyin nan, har jini ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, zuciya ta riƙa shan wahalar tura shi, haɗarin daskarewarsa a cikin jijiya ya ƙaru. Na ga saurayi mai faɗin ƙirji ya dubi sakamakonsa ya ce, "Malam, ai jinina ya cika," alhali lambar da ke gabansa ita ce wadda likita zai dakatar da magani saboda ita. Ƙungiyar likitocin homon ta Amurka, a ƙa'idojin da ta fitar a 2018, ta ce a auna wannan lamba kafin a fara, a sake bayan wata 3 zuwa 6, sannan sau ɗaya kowace shekara, kuma idan ta wuce kashi 54 a tsayar da maganin.

Yanayinmu yana ƙara dagula lissafin. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, gumi yana rage ruwan jiki, wannan kuma yana ɗaga lambar PCV ko da ba a yi allura ba, haka ma a tsakiyar ranar azumi. Don haka a ɗauki jinin da safe bayan mutum ya sha isasshen ruwa, idan lambar ta fito sama a maimaita, amma kada a mayar da zafi uzurin watsi da sakamakon da ya nace. Wasu sukan garzaya wurin wanzami a yi musu ƙaho, wasu su riƙa ba da gudummawar jini a kai a kai. Ko ɗaya bai taɓa tushen matsalar ba muddin allurar tana ci gaba, yawan fitar da jini kuma yana ƙarar da ajiyar sinadarin ƙarfe na jiki.

A ganina gwajin da ya fi kowane muhimmanci shi ne wanda aka yi kafin allurar farko, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Testosteron na jiki yana hawa da safe ya sauka da yamma, saboda haka ana auna shi da sassafe kafin a karya kumallo, a kuma maimaita a wata ranar kafin a yanke hukuncin cewa ya yi ƙaranci. Ƙa'idojin na 2018 sun ɗauki nanogiram 264 a kowace desilita a matsayin iyakar ƙasa. Tare da shi ana duba LH da FSH, wato saƙonnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina, domin a gane ko matsalar daga sama take ko daga ƙasa. Da zarar allura ta shiga jiki waɗannan lambobi sun gurɓata, ba wanda zai iya cewa ga yadda mutum yake tun asali. Sau da yawa kuma kasala da raunin sha'awa ba daga ƙarancin homon suke ba, ciwon suga ne, ko ƙiba, ko rashin barci, ko kuma shan Tiramol, wanda shi kansa yana danne testosteron na jiki.

Akwai abin da masu sayar da allurar ba sa faɗa, kuma a wurinmu ya fi zancen tsoka nauyi. Idan ƙwaƙwalwa ta ga testosteron ya wadata daga waje sai ta daina aika LH da FSH, maraina su rage aiki har su motse, ƙwayoyin maniyyi su ragu ko su ɓace baki ɗaya. Wannan tasiri tabbatacce ne har Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada allurar testosteron a matsayin maganin tazarar haihuwa na maza, a binciken da aka wallafa a 1990, inda yawancin mazan da suka shiga suka daina fitar da ƙwayoyin. Bayan an daina, akasari sukan farfaɗo, amma abin yakan ɗauki watanni, wani lokaci shekara ɗaya ko fiye. Saurayin da aka sa wa ranar aure ya fara allura don ya burge, shekara ta zagayo shiru, mun san a kan wa dangi za su ɗora laifin, amarya ce za a yi ta kaiwa asibiti da gidan masu magani. Duk mai fatan haihuwa ya yi gwajin maniyyi kafin ya fara, ya kuma gaya wa likita burinsa a fili.

Sauran gwaje-gwajen sanannu ne. Ana duba kitsen jini, domin testosteron da dangoginsa suna rage kolestarol mai amfani da ake kira HDL, musamman na haɗiya, waɗanda kuma su ne suka fi wahalar da hanta. Ana duba ALT da AST na hanta da kiriyatinin na ƙoda, sai dai ɗaga ƙarfe mai tsanani yana ɗaga ALT da AST na kwanaki, yawan tsoka kuma yana ɗaga kiriyatinin, saboda haka a huta da atisaye kamar mako guda kafin a ba da jini. Wanda ya haura shekara 40 ya tattauna da likita kan gwajin PSA na furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Wanda ya taɓa yin tarayya da wani a sirinji ɗaya ya ƙara da gwajin ciwon hanta nau'in B da C da na ƙanjamau. Hawan jini kuwa ba ya buƙatar ɗakin gwaji, a riƙa auna shi a kai a kai.

Homon ɗin girma lissafinsa daban ne. Jiki yana sakinsa ne jefi-jefi, mafi yawa cikin barcin dare, don haka auna shi kai tsaye da rana ba ya nuna komai. Abin da ake aunawa shi ne IGF-1, wanda hanta ke samarwa bisa umarninsa, ana kuma kwatanta sakamakon da shekarun mutum. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, sai an yi tambaya. Babban haɗarin wannan homon shi ne yana hana insulin aiki yadda ya kamata, suga ya riƙa hawa a hankali. Sugan safe kafin cin abinci idan ya kai 7.0 a ma'aunin milimol, ko HbA1c, wato gwajin matsakaicin suga na watannin baya, ya kai kashi 6.5, an shiga iyakar ciwon suga. Amma HbA1c yana iya ruɗarwa ga mai amosanin jini ko wanda ya ba da jini kwanan nan, irin waɗannan sai a dogara da awon sugan kansa. Ana kuma duba homon ɗin maƙoshi, domin wani lokaci yakan sauka bayan an fara. Zobe ya fara matse yatsa, idon sawu ya kumbura, hannu ya riƙa sagewa cikin dare, duk alamu ne na cewa abin ya yi wa jiki yawa. Mai ciwon daji ba ya kusantarsa ko kaɗan.

Ina da shakku ma kan ribar da ake nema. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2008, wanda ya tattara binciken da aka yi kan lafiyayyun matasa, ya nuna homon ɗin yana ƙara nauyin jiki marar kitse amma bai nuna yana ƙara ƙarfi ba. Ga shi yawancin nau'o'insa ana ajiye su ne a sanyin digiri 2 zuwa 8, sai mutum ya tambayi kansa yadda kwalbar da ta biyo mota cikin zafin bazara, ta zauna a firijin da wuta ke ɗaukewa, za ta iso hannunsa da ingancinta, balle wadda ba ta da lambar NAFDAC.

Takardar sakamako ba ta fassara kanta, mu ma da muke fitar da ita ba mu ne masu yanke hukunci a kanta ba. A kai ta wurin ƙwararren likita, kamar waɗanda ake samu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a tafi da kwalin maganin da tsofaffin takardun gwaji, a faɗi ranar allura ta ƙarshe, domin jinin da aka ɗauka washegarin allura da wanda aka ɗauka gab da ta gaba ba za su ba da lamba ɗaya ba. Wanda ya riga ya fara kada ya ɓoye wa likita saboda kunya, kada kuma ya daina ko ya ƙara wani magani bisa shawarar abokan atisaye. Ciwon ƙirji, da sarƙewar numfashi, da kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, da karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki, waɗannan ba a jira musu ranar gwaji, sashen gaggawa ake nufa da su nan take.