Na sayi GX 460, ga yadda muke ciki

Gaskiya Range Rover Sport ce a raina tun farko, duk wanda ya taɓa zama a cikinta ya san me nake faɗa. Amma kafin in ba dillali ko sisi sai da na zagaya Ƙofar Ruwa ina tambayar kayan gyara, wanne ake samu nan take, wanne sai an yi oda an jira. A nan ne raina ya koma kan Lexus GX 460, saboda ƙashinta ɗaya da Prado, bakaniken da ya san Toyota ba zai tsaya yana kallonta yana sosa ƙeya ba.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen tantance shekara. Motar nan tun 2010 ake yinta har 2023, kuma a 2014 aka canza mata fuska, to sai ka ga an ɗauki ta 2010 an sa mata bamba da fitilun sabuwa an wanke ta tas, dillali yana ta rantsuwa "Alhaji wallahi 2016 ce, Baturiya ce ma ta hau ta". Kar ka yi musu da shi, leƙa lambar shasi ta jikin gilashin gaba ka ƙirga harafi na 10, A na nufin 2010, B 2011, haka har E 2014. Da lambar nan kuma na biya aka dubo min tarihinta a Carfax, shafin da ke ajiye tarihin motocin Amurka, don motocin Amurka da yawa na gwanjo ne, wasu hatsari suka yi wasu ambaliya ta shanye su, kuma wadda ta sha ruwa wayoyinta ne za su riƙa ba ka mamaki daga baya. Takardun kwastam ma sai da aka tabbatar min da su tukuna na biya.

To bayan saye fa? A hanyar Kano zuwa Abuja ba ni da abin cewa, shiru take, ramuka ba sa damunta, iyali na baya suna barci abinsu. Inda ake jin jiki gidan mai ne. Injin V8 ne mai lita 4.6, tankinta lita 87, a cikin gari lita ɗaya da ƙyar take kai ni kilomita 6 in ga gosulo ga esi a kunne, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 cika tankin nan ya zama magana. Yanzu Corolla ta Hajiya nake ara in zan shiga Kwari, ita kuma sai dariya.

Ƙofar but ɗinta gefe take buɗewa ba sama ba, in wani ya faka dab da bayanka sai haƙuri. Kujerun layi na uku kuma na yara ne, babban mutum ba zai kai Zariya a ciki da daɗin rai ba.

Akwai kuma kuɗin da ba wanda ya sa min a lissafi. Mai faci, mai wanki, ɗan faka, kowa farashinsa ya tashi daga ganin tambarin, ƴan uwa ma buƙatunsu sun ƙara girma. Duk da haka da za a sake ba ni zaɓi ita zan ɗauka, sai dai zan nemi wadda ba ta da balan-balan na iska a madadin sifirin a ƙafafun baya, mai sifirin zalla ta fi sauƙin gyara a garinmu.