Abin da karatun saiko'analisis ya koya mini game da sauraro

Cikin hanyoyin jinyar damuwar zuciya ta hanyar magana, saiko'analisis na daga cikin mafiya tsufa, kuma ita aka fi yi wa gurguwar fahimta. Sigmund Freud ne ya assasa ta a birnin Biyana na Ostiriya, ya fara kiranta da wannan suna a 1896, shekara guda bayan aikin da suka wallafa shi da likita Josef Breuer kan marasa lafiyar da aka rasa tushen ciwonsu a jiki. Ginshiƙinta shi ne akwai buri da tsoro da fushin da mutum ya danne har ya daina sanin suna nan, alhali su ke juya shi.

Abu na farko da na koya shi ne tsarin zaman ma magani ne. Kowane zama minti 45 zuwa 50 ne, sau uku zuwa biyar a mako, a lokaci guda da ɗaki guda, galibi tsawon shekaru. Majinyaci yana kishingiɗe a doguwar kujera, manazarci, wato mai yi masa jinyar, na zaune ta bayansa. Dalili kuwa, muddin kana kallon fuskar mai sauraronka, za ka riƙa gyara maganarka don ta yi masa daɗi. Ƙa'ida ɗaya ake gindaya masa: ya faɗi duk abin da ya zo masa a rai, ko da abin kunya ne, ko ya ga kamar shirme ne.

Babu mai iya cika wannan ƙa'ida, kuma a nan aikin yake. Wani zai zo kan batun mahaifinsa sai ya yi tsit. Wani zai fara makara, ko ya manta ranar zama, ko ya ajiye babbar magana sai saura minti biyu a tashi. Wannan turjiya ba taurin kai ba ce. Ita ke nuna inda mikin yake. Shi ya sa manazarcin da ke ƙara minti goma don tausayi yake ɓata aikinsa da kansa, domin ya goge alamar da ya kamata su duba tare.

Darasin da ya fi nauyi a wurina shi ne yadda majinyaci ke ɗora wa manazarci tsohuwar alaƙa. Wanda ya tashi a hannun uba mai yawan kushe zai ɗauki shirun manazarci a matsayin raini. Wadda aka saba yasarwa za ta ɗauki hutunsa na mako biyu a matsayin guduwa. Freud ya yi bayani a 1914 cewa abin da mutum ya kasa tunawa, maimaita shi yake yi a aikace. To, ga shi yana faruwa a cikin ɗakin, inda za a iya tsayawa a dube shi da ɗuminsa.

Inda sababbin manazarta suka fi tuntuɓe shi ne gaggawar fassara. Za ka iya hango matsalar tun mako na biyu, hasashenka ya zama daidai, amma idan ka furta kafin majinyaci ya kusa gano ta da kansa, ɗayan biyu ne: ya ji an tsiraita shi ya daina zuwa, ko ya amsa da baki zuciyarsa ba ta motsa ba. Sani kaɗai ba ya warkarwa. Sai an sake cin karo da abin sau da yawa, a batun aure, a wurin aiki, a mafarki, kafin ya sassauta.

Shi ma manazarcin yana da nasa tabon, kuma majinyaci na iya fama shi. Saboda haka cibiyoyin horarwa ke wajabta masa ya zauna a yi masa nasa nazarin, sannan ya riƙa kai aikinsa gaban ƙwararren da ya girme shi a fannin.

Ba kowa wannan hanya ta dace da shi ba. Wanda hankalinsa ya gushe, ko yake cikin haɗarin kashe kansa, likitan ƙwaƙwalwa da kulawar gaggawa yake buƙata tukuna. Mai tsoron abu guda takamaimai ya fi samun sauƙi da jinyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke Aaron Beck ya bunƙasa a shekarun 1960, kuma takan ƙare cikin 'yan watanni. Wanda lokaci ko kuɗi bai ba shi damar cikakken tsarin ba, akwai sassauƙan nau'insa: zama ɗaya ko biyu a mako, ido da ido, a kan wannan tushe.