Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ɗarin Damagaram

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya cire ni daga lakkol, wato makarantar boko, ya zaunar da ni a rumfarsa ta kayan fata a kasuwar Dole ta Damagaram. A 1994 ne, shekarar da aka karya darajar sefa, kuɗinmu na Nijar, baƙi daga Kano da Daura suka yi ta shigowa ta Matamaye suna kwasar kaya don sun ga araha.

Wata ranar Alhamis, kasuwa ta cika, Kawu ya tafi sallar azahar ya bar ni. Sai ga wani Alhaji Bakano da farar babbar riga, ya ɗauki alabe guda yana jujjuyawa, yana shinshina jar fatar.

"Samari, nawa nawa?"

Na ce, "Ɗari ne, Alhaji."

Bai ko taya ba. Ya zaɓi goma, ya ɗaure a leda, ya miƙo mini takardar jikka guda, wato sefa dubu, ya juya.

Wanda bai taso a nan ba sai na yi masa bayani. Mu da dala muke ƙirga kuɗi, kuma dala ɗaya tamma biyar ce, wato sefa biyar. Ƙwandalar da aka rubuta wa 100, dala ashirin muke ce mata. In na ce ɗari, dala ɗari nake nufi, wato 500 a rubuce. Ba wanda ya taɓa koya mini wannan. Tun ina goye nake jin Inna tana cinikin ƙuli da shi, har ban san cewa abu ne da ake sani ko a rasa sani ba. Alabe goma a wurina jikka biyar ne. A wurin Alhaji kuwa, ɗari sau goma dubu ce cif, kuma ya biya.

Na bi shi da gudu na riƙe masa riga. Har yau in na tuna hannuna mai maiƙo a kan farar shaddar nan, kunya takan rufe ni. Mutane suka taru, ina kuka ina cewa ya cuce ni, shi kuma yana rantsuwa da Allah ɗari na ce masa. Dukkanmu gaskiya muke faɗa, da Hausa ɗaya.

Kawu ya iso da carbi a hannu. Bai tambayi kowa komai ba, jikkar kawai ya kalla, ya kalli ledar.

"Alhaji, a yi haƙuri. Ɗarin Damagaram ya gaya maka, kai kuma ka ji da kunnen Kano."

Ya shimfiɗa masa buzu, ya aika aka kawo fura, ya jera ƙwandaloli a ƙasa yana kiran sunan kowace: dala biyar, dala goma, dala ashirin. Alhaji ya riƙe baki. Ya cika jikka huɗu, ya ƙara mini dala goma ya ce in sha ƙanƙara.

Da dare na zaci bulala zan sha. Kawu dai ya ce daga yau in baƙo ya tsaya, in fara sauraron gaisuwarsa kafin in buɗe baki da farashi, in kuma na ji harshen ƙetare, in rubuta masa lambar a ƙasa da yatsa.

Wannan Alhajin ne, bayan shekara uku, ya roƙi Kawu ya ba shi ni in bi shi Kano. Yadda na sauka a can na nemi kabu-kabu aka tsaya ana kallona, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.