Wata bakwai shagona na intanet yana kulle ban sani ba

Kuɗin gina wa shagona shafin intanet ba shi ne ya dame ni ba. Cinikin Disamba guda da ya wuce ni, lokacin da Legas take cike da bukukuwa, shi ne har yau in na tuna sai na ji abu ya tokare mini maƙogwaro.

Shagon ɗinki gare ni a Agege, teloli shida da masu aikin wuya biyu. Mutanenmu na Agege da Mile 12 da Idi Araba sun san ni, baki da baki suke turo juna. Waɗanda nake hange su ne masu biki na Ikeja da Surulere da Lekki, masu ɗinka kaya ashirin a tashi ɗaya. Shi ya sa na samu wani yaro a Ikeja ya yi mini rajistar suna mai .com.ng, ya ɗora shafin a kan WordPress, wata manhaja ta gina shafukan intanet. Duk wannan ya tafi lami lafiya.

Da ya nuna mini shafin farko da ya tsara, sai na ga farin fili, rubutu da hotuna uku. Na ce masa wannan ai takardar asibiti ce. Na je wurin mai yi mana katin ɗaurin aure, ya haɗa mini manyan hotuna biyar, sunan shago da farashi da lambar waya da adireshi duk an rubuta da ruwan gwal a cikin hoton, suna shuɗewa ɗaya bayan ɗaya. Yaron ya ce, "Alhaji, rubutun da yake cikin hoto Google ba ya ɗaukarsa kamar rubutun gaske." Na ce, "Kuɗina ne ko naka?" Ya yi shiru ya ɗora. Wallahi ranar har hira na yi da shafin a majalisa.

Wata bakwai ko wrong namba ba a kira ni ta dalilinsa ba. Na zagi tattalin arziki, na zagi yaron a zuci.

Ɗan yayata da yake karatu a Yaba ne ya zo hutu. Ya rubuta site: a Google, ya liƙa adireshin shafin don a ga yadda Google yake nuna shi, ya miƙo mini wayar. Ga mu nan mun fito, amma taken da aka ba mu kalma ɗaya ce: Home. Babu Agege, babu ɗinki, babu komai. Sai ya buɗe shafin ya ce, "Kawu, danne lambar wayarka ka kwafo ta." Na danna, na sake dannawa, hoton kawai yake motsi. Ya ce, "To abin da yatsanka ya kasa kamawa, kada ka sa rai Google zai lissafa maka shi." Ashe ko wanda ya yi sa'a ya shigo, sai ya nemi biro ya rubuta lambar kafin hoton ya wuce.

Bai tsaya nan ba. Ya sabunta shafin da datar wayarsa, muka ƙirga tare har goma sha huɗu kafin hoton farko ya gama sauka. Kowane hoto ya haura megabait huɗu. Ya gwada a PageSpeed Insights, wurin da Google yake auna saurin shafi, maki ya fito ja wur, wato faɗuwa. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma fasalin waya yake dubawa ya yi hukunci. Ni kuwa a kan ƙatuwar kwamfutar yaron na gani na ce ya yi.

Na koma Ikeja da kunyata. Bai ce mini "ai na faɗa" ba, ya dai buɗo takardar asibitin nan da na raina, ashe yana ajiye da ita.

Gyaran bai kai sati ba, abin haushin ke nan. Take gajere wanda bai wuce harafi 60 ba, da abin da muke yi da inda muke. Babban kan magana guda ɗaya a sama, ƴan layuka na gaske a ƙasansa. Hotuna aka matse su zuwa WebP, wani tsarin hoto marar nauyi, kowanne da ɗan bayanin da yake faɗa wa Google abin da ke ciki. Maɓallin WhatsApp kore a wurin da babban yatsa yake kaiwa. Adireshi harafi da harafi daidai da wanda muka sa a Google Business Profile, inda ake yi wa shago rajista a Google, don mu fito a taswira. Ya tura shafin ta Search Console, hanyar da Google ya tanadar wa masu shafi, a sake dubawa.

Inda muka ja daga shi ne kalmomi. Ni babbar riga nake cewa, kuma ita na so a rubuta. Ya fara rubutu a akwatin binciken Google, ya bar shi ya ƙarasa da kansa: agbada (wato babbar riga), senator (wani salon riga da wando), aso ebi (wato anko), su ne suke ta fitowa. Abin ya sosa mini rai, shekara nawa ina wannan sana'a a ce sai na ari sunan wasu. Amma mai biki a Lekki ba zai rubuta abin da bai taɓa furtawa ba. Muka sa agbada a take, babbar riga da kaftani a cikin bayani saboda mutanenmu. Na so a maimaita agbada sau ashirin, ya ce wannan cushe ne, Google yana ganewa kuma yana iya mayar da shafi baya. Wannan karon ban tambaye shi kuɗin waye ba.

Sai da aka yi kusan sati shida kafin wata mata daga Surulere ta turo saƙo tana neman kayan abokan ango guda tara. Na tambaye ta wa ya turo ta, ta ce babu kowa, bincike ta yi. Na ajiye wayar na lissafa irinta nawa suka wuce a Disambar nan, sai na daina don kada hawan jini ya kama ni.

Hotunan gwal ɗin ban yar ba, na biya kuɗinsu. Na buga ɗaya a leda na rataye a ƙofar shago, masu Keke suna tsayawa su kwafi lambar.